Daga Bauchi zuwa Gembu a kan babur: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Malamin makaranta, Bauchi:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekaranjiya na dawo gida daga tafiyar da na sanar da ku kafin a ba da hutu, kuma tun da mutane da dama sun yi ta tambayata ɗaya bayan ɗaya, na ga ya fi dacewa in baje labarin a nan domin kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Mu biyu muka tafi, ni da wani abokin aikina, kowa a kan babur ɗinsa, daga Bauchi har garin Gembu da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba. Kwana huɗu muka yi a zuwa, muka huta kwana biyu a can, muka sake yin huɗu a dawowa.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka haye kogin Gongola a Dindima, muka wuce Alƙaleri, muka ci abincin rana a Gombe, sannan muka bi ta Kumo da Billiri muka kwana a Kaltungo. Kashegari muka haye gadar Binuwai a Numan muka isa Jalingo. Rana ta uku ita ce mafi wuya, domin daga Jalingo zuwa Serti ta Garba Chede da Bali akwai nisa, ga zafi, ga wuraren da kwalta ta farfashe. Amma ba wannan nake son in tsaya a kai ba. Abin da ya sa na rubuta wannan dogon saƙo shi ne safiyar rana ta huɗu, wato lokacin da muka bar Mayo Selbe muka fara hawan dutse.

A gindin tsaunin gumi nake ta yi. Muna fara hawa, hanya ta shiga lanƙwasa, kwana na bin kwana, dutse a gefe guda, kwari mai zurfi a ɗaya gefen. Ban yi rabin sa'a ba sai na ji iska ta sauya a kan damatsana, ta koma sanyi kamar an buɗe randa, kunnuwana suka toshe sannan suka buɗe, ƙanshin ciyawa mai laima ya maye gurbin ƙurar da muka kwana uku muna shaƙa. Da muka ɓulla sama wajen Maisamari, sai ga tuddai kore shar iyakar ganin ido, babu ƙaya babu kargo, shanu sun bazu a kansu, gajimare kuma yana tafiya ƙasa da inda muke tsaye. Na kashe babur na zauna a kan wani dutse na daɗe ban ce uffan ba. Na sha ganin hotunan wurin, amma hoto ba ya ɗauke da sanyi, ba ya ɗauke da shirun da ke biyo bayan kashe inji.

Daga nan muka bi ta Nguroje, muka ratse muka ga gonar shayi ta Kakara, muka shiga Gembu da la'asar. Ra'ayina, wanda na san wasu za su ƙalubalanta, shi ne wanda ya je wurin nan a cikin mota an kai shi ne kawai, amma wanda ya je a kan babur ya san ƙasar da ya ratsa taki bayan taki. Ina son in ji ta bakinku.

Tsohon direban tirela, Funtuwa:

Wa alaikumus salam. Malam, barka da dawowa, Allah ya sa an iske iyali lafiya. Na karanta labarinka har ƙarshe kuma na ji daɗin yadda ka tsara shi, amma shekaru sun ɗora mini nauyin faɗin gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Na yi fiye da shekara talatin a kan manyan hanyoyin ƙasar nan, kuma daga kujerar tirela na ga abin da mai babur ba ya gani. Idan kana dab da bayana, ko kana gefen damana kusa da tayoyin tsakiya, wallahi ba na ganinka a madubi, ko da ina son in gan ka. Idan na wuce ka da gudu, iskar da motata ke turawa tana ture ka waje da farko, sannan idan jelar ta wuce ta janyo ka ciki, kuma ƙaramin babur mai ɗauke da jaka a baya ba shi da nauyin da zai yi gardama da wannan iska.

Ban ƙi sha'awar ganin ƙasa ba. Ni kaina abin da ya hana ni barin tuƙi da wuri ke nan. Tambayata ita ce, wane abu ne ka samu wanda ba za ka samu ba da ka shiga motar haya daga Jalingo, ka zauna kusa da taga? Kana da mata da 'ya'ya da ɗalibai masu jiranka. Mutum ya sa kansa a tsakanin tirela da rami har tsawon kwana takwas domin jin sanyi a damtse, a ganina farashin ya yi yawa.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:

Baba ya riga ni faɗin abin da ke raina, kuma ina goyon bayansa ta fuskar aikina. Na yi shekaru a sashen da ake karɓar waɗanda suka yi haɗari, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yawancin masu babur da ake kawo mana ba gudun fitar hankali suke yi ba. Akuya ce ta gitta, ko yashi ne a bakin kwana, ko rami ne da ruwa ya rufe. Karayar ƙafa tana warkewa, amma buguwar kai takan sauya mutum har ƙarshen rayuwarsa. Tun farkon 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano, amma har yau za ka ga magidanci ya rataye ta a hannun babur, ko ya ɗora ta a kai bai ɗaure igiyar haɓa ba, alhali hular da ba a ɗaure ba ita ce farkon abin da ke tashi idan an faɗi.

Malam, ina son ka gaya mana dalla-dalla abin da ka sa a jikinka, da kuma abin da kuka tanada da ace wani abu ya faru a tsakanin Bali da Serti, inda asibiti mai kayan aiki yake da nisa. Akwai matasa a wannan zaure da za su karanta kyawun Mambila su manta da sauran.

Malamin makaranta, Bauchi:

Na gode Baba, na gode 'yar'uwa. Ba na ɗaukar maganarku a matsayin sanyaya gwiwa, domin duk wanda ya ce maka ka kula, ƙaunarka yake yi. Bari in fara da ta malamar jinya. Hular kwano mai rufe haɓa na sa, mai gilashi a gaba, a ɗaure tun daga ƙofar gida. Na sa takalmi sau ciki mai rufe idon sawu, da safar hannu ta fata, da riga mai kauri duk da zafin da aka yi, sannan na ɗora riga mai ƙyalli a sama domin a hango ni daga nesa. Mun ɗauki bandeji da auduga da maganin wanke ciwo, da ruwa lita huɗu kowannenmu. Ƙa'idarmu ita ce ba ma tafiya bayan magariba ko da saura kilomita 30 mu isa, kuma duk garin da muka tsaya sai mun kira gida mun faɗi inda muke da inda muka dosa.

Amma tambayar Baba ita ce mai nauyi, kuma amsarta tana cikin wani abu da ya same mu a rana ta uku. Bayan mun wuce Bali da kamar sa'a ɗaya, sarƙar babur ɗina ta tsinke a wurin da babu gida ko ɗaya a gani. Muna tsaye muna shawara sai ga wani manomi a kan keke, ya tsaya ya yi mana sannu, ya duba sarƙar, ya ce mu biyo shi. Muka tura babur har wani ɗan ƙauye da ke bayan bishiyoyi, wanda daga kan kwalta ba za ka taɓa sanin yana nan ba. A can wani saurayi ya fito da guntun tsohuwar sarƙa da guduma da ƙusa, ya zauna a ƙasa ya cire gaɓar da ta lalace ya haɗa mini ita. Kafin ya gama, an shimfiɗa mana tabarma a inuwa, an kawo dafaffiyar doya da manja da barkono, wani dattijo kuma ya zauna yana ba mu labarin yadda kakanninsa suka zo wurin. Da na miƙa kuɗi, saurayin ya karɓi na aikinsa kawai, na abinci kuwa dattijon ya ɗaga hannu ya ce baƙo ba ya sayen abinci a gidansa.

Baba, motar haya ba ta tsayawa a irin wannan wuri, kuma ko ta tsaya, fasinja goma ne ke fitowa suna ƙorafi a kan direba, babu wanda zai shimfiɗa musu tabarma. Mai babur shi kaɗai ne da ƙurarsa, ana ganin fuskarsa, ana ganin gajiyarsa, shi ya sa mutane ke sakin jiki da shi. Na koyar da labarin ƙasa shekara goma sha ɗaya ina zana kogin Binuwai a kan allo, amma sai da na tsaya a bakin gadar Numan na ga faɗinsa da masunta a cikin kwalekwale sannan na san abin da nake koyarwa.

Bakanike, Sabon Garin Zariya:

Malam, sannu da hanya. Maganar sarƙar nan ta taɓa sana'ata, don haka zan ce wani abu, kuma ina fata ba za ka ji haushi ba. Sarƙa ba ta tsinkewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Takan saki, takan yi ƙara, haƙoran farantin da take hawa sukan yi tsini kamar ƙayar kifi. Wanda zai yi tafiyar da ta wuce kilomita 1,000 ya kamata ya sauya sarƙa da farantanta biyu gaba ɗaya kafin ya tashi, ya kuma riƙa shafa mata mai kowace safiya, ya duba sakinta da yatsa. Haka nan a juye baƙin mai kafin tafiya, a sake juye shi a tsakiyarta, domin ƙananan injunan nan kusan lita ɗaya kawai suke ɗauka kuma iska ce ke sanyaya su, saboda haka man yana saurin gajiya. Duk bayan sa'a ɗaya da rabi ko biyu a tsaya a bar inji ya sha iska, mahayin ma ya miƙe ƙafa.

Abin da ba zan yarda mutum ya tafi babu shi ba: fulogi sabo, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, tib ɗaya na gaba ɗaya na baya, kayan faci, ƙaramin famfo, sifana mai lamba 10 da 12 da 14 da ta kwance taya. Duka za su shiga ƙaramar jaka.

Game da hawan dutse kuma, na tabbata ka ji babur ɗinka ya yi nauyi a sama kamar an ɗaure shi. Ba lalacewa ya yi ba. Tsaunin Mambila ya kai tsayin mita 1,600 a yawancin wurare, iskar can ba ta da kauri kamar ta ƙasa, sai man da kafireta ke bayarwa ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi. Amma gangarowa ta fi hawa haɗari. Wanda ya kama kuloci ko ya sa babur a firi ya dogara da birki kaɗai, kafin ya kai rabin gangaren birkin zai yi zafi ya daina kamawa. A sauko da giya ta biyu, a bar inji ya riƙe babur, birki ya zama taimako kawai.

Malamin makaranta, Bauchi:

Gaskiyarka, Oga. Na ga alamar sakin sarƙar tun a Jalingo na ce za ta kai ni, kuma kuskure ne da ba zan sake ba. Maganar gangarowa kuwa, wani ɗan acaɓa a Nguroje ya yi mana irin wannan gargaɗi kusan kalma da kalma, muka bi, muka sauka lafiya.

Ɗalibi, Sakkwato:

Ina gaida iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ni ban taɓa wuce tafiyar Sakkwato zuwa Argungu a kan babur ba, amma zuciyata ta daɗe tana son irin wannan tafiya, musamman tun 2022 da Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur har Legas domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. Sai dai duk waɗanda nake gani suna irin wannan abu manyan babura suke hawa, waɗanda kuɗinsu ya fi na mota. Shin mai ƙaramin Boxer irina yana da rabo a wannan harka, ko sai ya jira ya yi arziki? Kuma Malam, idan babu damuwa, nawa tafiyar ta ci maka?

Malamin makaranta, Bauchi:

Ƙanena, Boxer ɗin ne ya kai ni ya dawo da ni, abokina kuma Haojue yake hawa. Babban babur yana da daɗinsa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma idan ya lalace a ƙauye babu mai taɓa shi, alhali namu kowane bakanike daga nan har iyakar Kamaru ya san cikinsa kuma kayan gyaransa suna rataye a kowace rumfa. Ƙari a kan haka, gudun kilomita 60 zuwa 70 a sa'a, wanda shi ne abin da ƙaramin inji ke jurewa yini guda, shi ne daidai gudun da ido ke iya ganin ƙasa. Agogon babur ɗina ya nuna kusan kilomita 1,800 zuwa da dawowa har da 'yan ratse-ratse, kuma na sha mai kusan lita 45. Ka lissafa da farashin garinku, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin bai zauna wuri ɗaya ba. Mun kwana a ƙananan masaukai, sau biyu kuma a gidan abokan karatu. Shawarata ita ce kada ka fara da Mambila. Ka fara da tafiyar kwana ɗaya ka dawo, sannan ta kwana biyu, har jikinka ya san abin da zama a kan sirdi na sa'a shida yake nufi, domin ciwon baya da na kafaɗa su ne ke fara karya sabon shiga.

Ɗan kasuwa, Damagaram:

Gaisuwa daga wannan ɓangare na iyaka. A wajenmu moto muke ce masa, kuma ina son in tuna wa Baba na Funtuwa cewa doguwar tafiya a kan wannan abin hawa ba sabon abu ba ce da 'yan boko suka ƙirƙiro. Kowace ranar kasuwa mutanen karkararmu suna yin tafiyar da ta fi ta Bauchi zuwa Gombe a kan rairayi, ɗauke da buhu ko tunkiya, ba don nishaɗi ba. Bambancin Malam da su shi ne shi ya ɗaga kai ya kalli abin da yake wucewa, kuma ban ga aibu a nan ba.

Na yi hanyar Damagaram zuwa Kano a kan moto ba sau ɗaya ba. Ana bi ta Matamaye, a fita ta Ɗan Barto, a shiga Kwangwalam, sai Daura, sai Kazaure, sai Kano, kimanin kilomita 240. Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina, lokacin da gero ya yi kai a dama da hagu, iska tana ɗauke da ƙanshin gona, yara suna gasa masara a bakin hanya. Na kan tsaya a Daura in sha fura in leƙa rijiyar Kusugu, kuma kowane zuwa sai na yi mamakin yadda harshe ɗaya ne, gaisuwa ɗaya ce, tuwo ɗaya ne, kuɗi da tuta kawai suka sauya. Wanda ya ratsa wannan iyaka a hankali a kan moto yana fahimtar zumuncin da ke tsakaninmu fiye da wanda ya karanta shi a takarda. Lokacin da aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba ciniki kaɗai na yi kewa ba, har da wannan hanya.

Duk wanda zai zo mana ya tabbatar takardun moto da lasisinsa da na shaidar kansa sun cika, ya tambayi halin da iyaka take ciki a makon da zai taso, ya kuma yi haƙuri da jandarmomi da ma'aikatan kwastan, ya cire hular kwano ya yi sallama kafin a tambaye shi. Idan ya iso, tsohuwar unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram sun isa kallon yini guda, domin garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926. Masu mafarkin wucewa Agadas su ga hasumiyar masallacinta da aka gina da laka kuwa, ina ba su shawara kada su ɗauki wannan hanya a kan moto su kaɗai a wannan zamani.

Tsohon direban tirela, Funtuwa:

Alhaji na Damagaram ya kawo maganar da nake jira, wato tsaro. A yankinmu babur ya yi baƙin jini saboda 'yan bindiga da ke hawansa, har ta kai a 2021 jihohi irin su Zamfara da Katsina suka taƙaita zirga-zirgarsa a wasu ƙananan hukumomi, Kano kuma ta hana goyon fasinja na haya tun farkon 2013. Baƙo biyu a kan babura da jakunkuna, fuska a rufe, suna shiga ƙauyen da aka taɓa kai wa hari, za su iya gamuwa da fushin mutanen da ba su san niyyarsu ba. Wannan ma sai an sa shi a lissafi.

Duk da haka, Malam, labarin dattijon da ya ƙi karɓar kuɗin doya ya tuna mini da abin da na kusa mantawa. Lokacin da nake yaron mota, muna lalacewa a daji mu kwana uku muna jiran kayan gyara, kuma mutanen da suka ciyar da mu a waɗannan kwanaki har yau ina tuna fuskokinsu, alhali garuruwan da muka wuce da gudu ko sunansu ban riƙe ba. Saboda haka na fahimci abin da kake nufi. Ban sauya ra'ayi a kan haɗarin ba, kuma da ɗana ne zai tafi da sai mun yi doguwar magana. Amma tun da na ga ba za ku fasa ba, ku riƙe waɗannan daga bakin direba. Kada ku wuce babbar mota ta hannun dama. Idan ba ku ga fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai gan ku ba. Idan kun ga tirela tana tahowa a kan siririyar gada, ku tsaya ta wuce. Kowace safiya ku shiga tasha ku tambayi direbobin da suka kwana a hanyar da za ku bi, domin su ne ke da labarin da ya fi na rediyo sabunta, kuma idan suka ce kada a bi, ku juya ko da kun kusa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna:

Na gamsu da shirin da Malam ya bayyana, kuma da kowa zai yi haka da aikinmu ya ragu. Abu ɗaya zan ƙara wanda maza kan manta. Wadda aka bari a gida ita ma tana cikin tafiyar, domin duk ƙarar waya gabanta faɗuwa yake yi. A zauna da ita tun kafin a sa rana, a nuna mata hanyar da za a bi da garuruwan da za a kwana, a bar mata lambar abokin tafiya. Sannan a rubuta suna da rukunin jini da lambar wani na kusa a takarda a sa a aljihun gaba, saboda wayar da ke kulle ba ta amfanar mu idan an kawo mutum ba ya magana. Ku kuma riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama ku, domin iskar hanya tana busar da gumi mutum bai sani ba, sai jiri da gyangyaɗi su biyo baya.

Limamin unguwa, Gombe:

Na bi wannan tattaunawa da sha'awa. Zan tunatar kawai cewa matafiyin da ya nufi nisan da ya kai kimanin kilomita 80 yana da sauƙin yin ƙasaru, kuma tsayawar sallah ita kanta hutu ce da ke raba yini kashi-kashi yadda jiki da inji suke buƙata. Tafiya tare da aboki kuma, kamar yadda Malam ya yi, ita ce abin da magabata suka fi so ga matafiyi. Malam, da na san za ku ratsa Gombe da ba ku ci abinci a kasuwa ba.

Malamin makaranta, Bauchi:

Allah ya gafarta Malam, mun karɓi gayyata, kuma in Allah ya yarda ba za mu sake wuce ku ba. Maganar sallah ta tuna mini da asubar farko a Gembu, lokacin da na zuba ruwan alwala a hannu na ji kamar an narkar da ƙanƙara, hazo ya rufe gari har ba a ganin ƙarshen layi, masallata suna shigowa cikin manyan riguna da barguna a watan da mutanen Bauchi ke kwana a waje saboda zafi. Bayan an idar, wani bawan Allah da ya ga baƙin fuska ya ja mu rumfar mai shayi, ana ta hira da Fulatanci da Hausa da harshen Mambila a kan tebur ɗaya. A nan wani tsoho ya gaya mana cewa yana yaro lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta sa yankin ya zama cikin Nijeriya bayan yana ƙarƙashin Kamarun Ingila, kuma sunan ƙaramar hukumar, Sardauna, yana tuna wannan zamani ne. Na koyar da wannan darasi sau da yawa, amma ban taɓa zama kusa da wanda ya gan shi da idonsa ba.

Baba, na rubuta ƙa'idojinka a cikin littafin da nake ajiye lissafin tafiya. Abokina yana son mu gwada hanyar da Alhaji ya kwatanta idan damina ta ja baya, mu tashi daga Kano mu kwana a Daura, idan iyaka ta yi daɗi mu ƙarasa Damagaram. Ƙanena na Sakkwato, idan iyayenka sun amince kuma ka yi gwajin da na faɗa maka, akwai wuri.

Bakanike, Sabon Garin Zariya:

Duk wanda zai shiga wannan tafiya ya kai babur ɗinsa wurin bakanikensa mako biyu kafin ranar tashi, ba ana gobe ba, domin sabon gyara yana buƙatar a hau shi kwana biyu a cikin gari a ga ko wani abu zai saki. A duba tayoyi da kyau, wadda zanenta ya shafe a cire ta ko da ba ta taɓa yin faci ba.

Ɗan kasuwa, Damagaram:

Ku sanar da ni mako guda kafin ku taso domin in tambayi halin da Ɗan Barto ke ciki, in kuma gaya muku inda za ku canza kuɗi zuwa sefa ba tare da an cuce ku ba. Zan tarye ku a Matamaye da motona mu shigo gari tare, masauki kuma yana wuyana.